Yadda za ka taimaki ƙanenka ya rabu da sigari da shisha ba tare da kun ɓata ba

Ɗan yayata yana da shekara 17 lokacin da uwarsa ta ji warin sigari a rigarsa wajen wanki. Ubansa ya zane shi a daren, unguwa duka ta ji. Abin da dukan ya koya masa shi ne tauna minti kafin ya shigo gida, da kuma canza wurin sha zuwa can bayan gari. Sai da ya ƙara shekara biyu yana sha kafin muka gane hanyar da ya kamata mu bi tun farko. Ita ce zan shimfiɗa a nan, don yayye da kawunnai da iyaye na garin Tawa a Nijar da kewaye masu irin wannan yaro a gida, ko sigari yake busawa, ko shisha, ko sigarin lantarkin nan mai ƙamshin lemo da ya fara shigowa hannun ƴan lakwal, ko kuma tabar gari da kanwa yake dannawa a leɓe.

Da farko, san abin da ya kama shi

Duk waɗannan abubuwa uwarsu ɗaya, wani sinadari da ake kira nikotin. Idan aka zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya kai ƙwaƙwalwa, mutum ya ji wata ƴar natsuwa. Bayan awa ɗaya ko biyu ƙarfinsa ya ragu, sai jiki ya shiga nema: ƙunci, saurin fushi, kasa tattara hankali. Yaron yana ganin sigari ne ke kwantar masa da hankali, alhali ƙuncin da yake kwantarwa shi ya haifar da shi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa wanda ya fara da ƙuruciya kamun ya fi yi masa ƙarfi.

Idan ka riƙe wannan, za ka daina kallonsa a matsayin ɗan iska, za ka gan shi a matsayin wanda wani abu ya riƙe wa wuya. Kuma za ka iya amsa maganar da samari suka fi yi, wai shisha ba ta da illa tunda hayaƙin ta ruwa yake bi. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi. Sigari ɗaya minti biyar ya ƙare, zaman shisha kuwa yana kai awa guda ana zuƙa, ga gawayin da ke kai yana ƙara nasa iskar mai guba, ga baki goma a kan tiyo ɗaya, a ƙasar da tarin fuka bai ƙare ba.

Na biyu, buɗe maganar ku biyu

Kada ka yi ta a tsakar gida gaban ƙannensa, kada ka yi ta lokacin da ka kama shi da kara a hannu. Ɗauke shi a babur ku je wata hidima, ko ku taka tare bayan sallar isha'i. Ni abin da na ce wa nawa shi ne: "Ɗana, na san kana sha, kuma ban zo faɗa ba. Yaushe ka fara?" Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba, sannan ya ce, "Kawu, tun ina aji uku na kolej."

Daga nan aikinka saurare. Tambaye shi kara nawa a rana, da wa, a wane lokaci, me yake ji idan bai samu ba, ko ya taɓa gwada bari. Za ka yi mamakin yadda da yawansu sun gwada a ɓoye sun kasa, suna jin kunyar faɗa. Wa'azi a ajiye shi tukuna. Ya san haramci da karahiya da ake faɗa a masallaci, ya ga gargaɗin da ke jikin kwalin. In kuma kai ma kana sha, faɗa masa gaskiya, ku ɗaura niyyar tare. Yaro ba ya karɓar magana daga bakin da ke warin abin da ake hana shi.

Na uku, bar shi ya nemo dalilinsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, kuma a hayaƙin sigari akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo ciwon daji. Gaskiya ne, amma ɗan shekara 18 ba ya jin tsoron cutar da za ta zo masa yana da 55. Abin da ke taɓa shi na kusa ne: numfashin da ke yanke masa minti ashirin da fara ƙwallo, haƙoran da suka fara rinewa, budurwar da ta kauda kai, da kuɗi. Ku yi lissafin tare. Mu ƙaddara kara ɗaya dala biyar ne, wato sefa 25, wurin mai tebur, yana shan goma a rana: dala hamsin ke nan, a wata jika bakwai da rabi, wato sefa 7,500, a shekara ya haura jika 90. Ka tambaye shi me zai yi da jika 90. Nawa waya ya ce, kuma wayar ce muka sa a gaba.

Na huɗu, ku sa rana

Rana takamaimai, cikin mako biyu, don kada niyyar ta huce. A kauce wa makon jarabawa. Azumi dama ce babba, tunda jiki ya riga ya saba da haƙuri daga asuba zuwa magariba, sai dai a shirya wa lokacin shan ruwa, nan ne mashaya ke rugawa su rama. Daren ranar ya fitar da komai: kwali, ashana, tukunyar shisha, na'urar lantarkin da cajarta. "Zan ajiye ɗaya ko da za a buƙata" ita ce maganar da ta mayar da mutane da yawa.

Na biyar, fada

Nan ne aikin yake, kuma nan ne gidaje da yawa ke faɗuwa. A Tawa saurayi ba shi kaɗai yake shan sigari ba, a fada yake sha, wato majalisar da samari ke zaman hira, tsakanin kofin shayi na farko da na biyu, ana karta ana gardamar ƙwallo da labarin waɗanda suka tafi bida Abijan ko Libiya. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to amma idan ka ce masa ya bar fada kwata-kwata, ka ce masa ya bar abokansa ne, kuma ba zai yi ba. Zai ce maka to, ya koma a ɓoye.

Abin da ya yi mana aiki shi ne yarjejeniya. Mako biyun farko ya ɗaga ƙafa daga fadar dare, muka cike masa lokacin da wani abu: gudu da yamma, zama shagon wani ɗan uwa, kallon wasa a gida. Bayan haka ya koma, amma da sharuɗɗa da shi ya tsara. Ya faɗa wa abokan da bakinsa cewa ya bari, ya nemi mutum ɗaya cikinsu da ba ya sha ya zauna kusa da shi, kuma ya karɓi aikin dafa shayin, don hannunsa ya samu abin yi. Ya kuma tanadi amsa gajera ga mai miƙo masa kara: "Na gode, na ajiye." Ba dogon bayani. Za a yi masa ba'a kwana biyu, a ce ya zama ustazu, daga baya a saba. Wani abin farin ciki, biyu daga cikin ƴan fadar sun zo daga baya suna tambayarsa yadda ya yi.

A kula da shayin kansa. Wanda ya daina sigari, ƙarfin shayi da kofi da goro ya fi daɗewa a jikinsa fiye da da, sai ya ji zuciya na bugawa, barci ya ƙi zuwa, ya zaci rashin sigari ne. Ya rage kofin farko mai ɗaci, musamman da dare.

Na shida, makon farko

Kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi tsanani. Zai yi fushi ba dalili, kai zai yi ciwo, yunwa za ta ƙaru, wani ma tarinsa ƙaruwa yake yi na ɗan lokaci yayin da ƙirji ke fitar da datti. Ku gaya wa inna da ƴan gida tun da wuri don kada a biye masa. Yawancin wannan yana lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu.

Sha'awar kuma zuwa take kamar guguwa, minti kaɗan ta wuce, ko an sha ko ba a sha ba. Koya masa ya jinkirta minti goma: ya sha ruwa a hankali, ya yi alwala, ya tashi daga inda yake, ya sa asuwaki a baki, ko ya ci gyaɗa, dabino, aya. Ka ba shi izinin kiranka ko ƙarfe biyun dare ne. Kuma ka riƙa faɗa masa ribar da yake ci: cikin awa 12 iskar gubar da ke jininsa ta sauka, cikin mako 2 zuwa 12 numfashi ya fara buɗewa. Kuɗin sigarin kullum a jefa su a asusu inda zai riƙa jin nauyinsu.

Kada a musanya masa da wani nau'in. Sigarin lantarki, shisha da tabar gari duk nikotin ɗin ne, ita tabar leɓe ma tana cin dasashi, tana kawo ciwon daji na baki. Idan kuma ka ga alamar tramol ko wiwi sun shiga ciki, wannan ya wuce dabarar gida.

Na bakwai, lokacin zuwa likita

Wanda yake kunna sigari da ya buɗe ido da safe, ko ya gwada sau biyu sau uku ya kasa, a raka shi wurin ma'aikacin lafiya, ko a ƙaramar likitar unguwa ko babban asibitin jiha. Akwai cingam da abin liƙawa a fata masu ɗauke da nikotin ɗan kaɗan da ake ragewa sannu a hankali, akwai kuma ƙwayoyi da likita kaɗai ke rubutawa. Ga wanda bai kai 18 ba, kada a saya masa komai sai da shawarar likita, kuma a nisanci maganin masu talla a kai. Tarin da ya wuce mako biyu, ko jini a majina, ko ramewa, a je a auna shi ba jira.

Mai teburin da ke sayar wa yara ma a yi masa magana cikin mutunci. Nijar tana da dokar yaƙi da taba tun 2006, ta hana sayar wa yara ƙanana, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. Sau da yawa maganar dattijon unguwa ɗaya ta isa.

Idan ya koma

Nawa ya koma a mako na biyar, ranar bikin wani abokinsa. Ya zo da kansa ya faɗa mini, idonsa a ƙasa, kuma wannan zuwan ya fi mini komai, domin shekara biyu kafin nan da ɓoyewa zai yi. Ban ce masa ya ba ni kunya ba. Na tambaye shi wa ya miƙo, ƙarfe nawa, me yake ji a lokacin. Muka gane cewa biki da kwana a waje ne raminsa, muka shirya cewa a biki na gaba zai tafi da abokin nan nasa da ba ya sha, su dawo kafin sha biyun dare. Asusun ba mu fasa shi ba. Washegari da safe muka sake sa rana.