Yadda Nake Tara Tsofaffin Katunan Ƙwallon Kwando

Ka fara da ɗan wasan da ka so tun kana yaro. Nawa Hakeem Olajuwon ne, katinsa na kamfanin Fleer na 1986, inda aka rubuta sunansa Akeem. Kafin ka saya, duba kusurwoyi huɗun a ƙarƙashin fitila, ka ga ko hoton ya zauna tsakiya. Katin Michael Jordan mai lamba 57 a jerin katunan Fleer ɗin nan jabunsa sun yi yawa, kada ka saya sai wanda PSA, kamfanin da ke duba ingancin katuna, ya tantance. Riƙe kati ta gefe, ka sa shi a leda, sannan a roba mai tauri. Na taɓa barin ɗaya bakin taga, rana ta kashe launinsa. Har yau abin yana damuna. Danshi ma yana lanƙwasa su.