Darasi Na Bakwai: Ulun Tumaki Da Ƙaramar Sana'ar Abinci

Toh 'yan uwa maza da mata, darasin yau akan tunkiya ne da gashinta, da kuma yadda ƙaramin manomi zai riƙe gida kafin kuɗin gashin ya shigo. A karanta a hankali, wanda ya gama ya taimaki na kusa dashi.

Ba kowace tunkiya ke bada ulu ba. Akwai masu gajeren gashi dake zubewa da kansa, waɗannan dan nama ake kiwonsu. Akwai kuma masu ulu, shi wannan baya zubewa sai dai ya yi ta tsiro har a sausaye shi, galibi sau ɗaya a shekara. Wadda tafi suna a cikinsu ita ce Merino, asalinta daga ƙasar Sifen, amma yau Ostiraliya ce kan gaba wajen ulu mai laushi irin nata. Dan haka kafin ka saka jarinka ka fara sanin irin tunkiyar dake gabanka.

Abinda nafi so ku riƙe shine, kyan ulu ba ranar aski ake samunsa ba, tun a wajen kiwo ake yinsa. Silin gashin kullum yana ƙara tsawo kaɗan kaɗan, in tunkiya ta yi yunwa ko zazzaɓi ko tsutsar ciki ta kamata, daidai wurin da ya tsiro a wannan lokacin sai ya sirance, bayan wata da watanni in mai saye ya kama silin ya ja sai ya tsinke a nan ɗin, shikenan daraja ta faɗi kuma babu gyara. Kunga kenan ciyawa mai kyau da ruwa mai tsafta da maganin tsutsa akan lokaci duk aikin ulu ne. Haka ma zuba musu abinci, kar a watsa ta saman bayansu, ƙaiƙayi da ƙaya in suka shige cikin ulu fitar dasu wahala ce ba kaɗan ba. Fenti da wasu ke shafawa dan shaida shima yana ɓata shi, sai dai irin wanda ake yi musamman dan tumaki mai fita a wanki.

Ranar aski dole tunkiya ta kasance a bushe. Jiƙaƙƙen ulu in aka cusa a buhu fumfuna yake yi ya ruɓe. A hanata abinci tun daren jiya saboda kar cikinta ya takura in an zaunar da ita, a share wuri a shimfiɗa tamfol, sannan mai almakashi ya bi kusa da fata sau ɗaya, in ya riƙa komawa yana sake yanka guntaye ne zasu cika ulun kuma basa kaɗuwa su zama zare. Na ciki da na ƙafafu da wanda kashi ya ɓata a ware su gefe, kar kwaɗayin nauyin sikeli yasa a haɗa da mai kyau, mai saye yana gani zai yiwa buhun gaba ɗaya kuɗin mara kyau. Fari daban, baƙi daban, dan farin ne ke karɓar kowane rini. A ajiye a buhun da iska ke ratsawa ba leda ba, a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa dubawa saboda asu.

Ulu ɗanye yana da maiƙo da ake kira lanolin, wanda ake sawa a man shafawa. In aka wanke da ruwan zafi da sabulu nauyinsa na raguwa sosai, wani har rabi. Kuma jiƙa shi ake a tsame, ba'a cuɗa shi kamar wankin kaya, in an cuɗa dunƙulewa zai yi ya ƙi kaɗuwa. Bayan ya bushe sai a taje, a kaɗa zare, a saƙa, kowane mataki da ka iya yi da hannunka ƙarin riba ne.

Sai dai fa kuɗin ulu sau ɗaya yake zuwa a shekara, cefane kuwa kullum ne. Anan ƙaramar sana'ar abinci ke shigowa, daga abinda gonar ke bayarwa, ƙwai ko kayan lambu ko madara da cuku, takin tumakin kuma ya koma gona. A fara da abu ɗaya da aka iya sosai. A wanke hannu, a rufe abinci, a tafasa madara kafin a sarrafa ta, ɗanyen nama kar ya haɗu da dafaffe. Kuma dan Allah a sami littafi, shafi ɗaya na tumaki, ɗaya kuma na abinci, a rubuta abinda ya fita da abinda ya shigo har da wanda aka ci a gida da bashin da aka bayar, ni a ganina rashin wannan rubutun yafi rashin ciniki cinye jarin masu ƙananan sana'a.

Aikin aji: manomi yana da tumaki 6, kowace ta bada kilo 3 na ɗanyen ulu. Kilo nawa ya tara? In wanki ya cinye rabi, saura nawa? Sannan kowa ya ja layi a tsakiyar shafinsa, ya rubuta "shiga" a dama "fita" a hagu, ya cike da cinikin kwana uku ya kawo a zama na gaba.