Kafin ka hau bas a Legas, ka san yadda katin Cowry yake aiki

A nan Zariya kuɗin mota hannu da hannu ne. Ka hau bas daga Samaru zuwa PZ, ka miƙa wa kwandasta dubu ɗaya, ya ce ba canji, a tsaya a Kwangila ana neman mai fasawa. To amma wanda fatauci ko karatu zai kai shi Legas ya kwana da sanin cewa manyan bas ɗin da ake kira BRT kati ake taɓa musu, haka ma jirgin ƙasan da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Sunan katin Cowry. Ni gyaran waya nake yi a Sabon Gari, sarin kaya kuma yakan kai ni Ikeja, shi ya sa 'yan'uwa suke yawan tare ni da tambaya a kansa.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Hong Kong ta fito da nata, Octopus, tun 1997, Landan ta biyo da Oyster a 2003.

Fara da sanin abin da ke cikin katin, don daga nan duk dokokinsa suka fito. Ka shiga ɗaki mai duhu ka manna tocilan waya a bayan irin wannan kati. In robar ba ta cika kauri ba, za ka hango wata siririyar waya ta zagaye gefen katin sau da dama, ta je ta haɗe da wani ɗan ƙanƙanin abu mai kusurwa huɗu. Wannan ɗan abin shi ne ƙwaƙwalwar katin, wayar kuma ita ce eriyarsa. Babu batir ko kaɗan. Na'urar da ke bakin ƙofar bas ita ke fitar da igiyar rediyo mai ƙarfin zagaye megahaz 13.56, idan kati ya matso kusa sai eriyar ta tsinci 'yar wuta daga igiyar, ƙwaƙwalwar ta farka. Wanda ya taɓa ɗora waya a kan faifan caji marar igiya ya ga irin wannan dabarar. Ita ce kuma fasahar NFC da ke cikin wayoyi da yawa, da katin ATM mai alamar lanƙwasassun layuka huɗu.

Da kati ya farka, sai su gaisa da na'urar da lambobin sirri, ta tabbatar ba jabu ba ne, ta duba abin da ke ciki, ta rubuta inda ka hau. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A yawancin irin wannan tsari lissafin kuɗin yana rubuce a jikin katin kansa, daga baya na'urar take aika bayanan ranar zuwa babbar kwamfuta. Dalilin ke nan ba ka jin ana cewa a jira netwok kamar yadda muke fama a wajen masu POS.

Idan ka isa, je tashar BRT ka sayi katin a wurin masu tikiti, ka sa kuɗi a ciki nan take. Shawarata, ka sa fiye da kuɗin tafiya ɗaya, domin layin sa kuɗi da safe ba ƙaramin layi ba ne, bas kuwa ba ta jiran kowa. Kada ka juye duk kuɗinka a ciki, danfo (ƙananan bas ɗin haya na Legas) da keke Napep har yanzu tsaba suke karɓa.

Wajen hawa, ka ciro katin daga walat tukuna. Mutane suna son manna walat ɗin gaba ɗaya, ga katin ATM a ciki mai irin wannan eriya. Kati biyu su farka tare, na'ura ta rasa da wa za ta yi magana, sai ta ƙi karɓa, mutanen baya su fara tsaki. Ka kwantar da katin Cowry a fuskar na'urar, ka ɗan dakata har ka ji ƙara ko ka ga alamar ya shiga. Ba a goga shi, ba a kaɗa shi kamar mafici. Igiyar ba ta wuce 'yan santimita, in ka janye da wuri wutar ta yanke ana tsakiyar rubutu.

Inda baƙi suka fi asara shi ne wajen sauka. Kuɗin ya danganta da nisan da ka yi, na'ura kuwa ba ta san inda ka sauka ba sai ka sake taɓawa. Ka sauka ba ka taɓa ba, za a ɗauka ka je har ƙarshen layi, a cire maka kuɗin mafi tsawon tafiya. Don haka tun bas ba ta tsaya ba katin ya kasance a hannunka, ko da kana riƙe da buhun kaya. Saboda wannan lissafi na hawa da sauka, in ku biyu ne kowa ya riƙe nasa.

Sai kula da shi. Na ga masu huda gefen kati su zura zare su rataya a wuya, wai don kada ya ɓace. Gefen nan fa nan eriyar take, ƙusa ɗaya ta tsinka ta kati ya mutu, kuma ko mu masu gyara ba mu da abin yi masa. Aljihun baya ma haka, zama a kansa yau da gobe yana karya haɗin wayar da ƙwaƙwalwar, a ido kati lafiya lau amma na'ura ba ta ganinsa. Ruwan sama ba ya cutar da shi, maganaɗisu ma ba ya goge shi yadda yake goge baƙin layin tsofaffin katuna. Ƙarfe ne dai yake tare igiyar, don haka kada ka haɗa shi da makullai ko kwabbai lokacin taɓawa.

Ranar da ka saya, ka tambayi mai tikiti yadda za a haɗa katin da lambar wayarka, ka kuma ɗauki hoton lambar da ke jikinsa. Ba a tambayar lambar sirri a ƙofar bas, duk wanda ya tsinci katinka zai hau da kuɗinka har sai an toshe shi.