Yadda Ake Gano Ma'anar Tsofaffin Kalmomin Turanci

Kalmar Turancin da mutum bai taɓa gani ba ba ta cika cutar da shi ba, domin dole ta tsayar da shi ya nemi ƙamus. Wadda ke kayar da mai karatu ita ce wadda yake ganin ya daɗe da saninta, alhali a wurin da ya tarar da ita tana ɗauke da wata ma'ana ta shekaru ɗari uku ko huɗu da suka wuce. Saboda haka, kafin a buɗe kowane ƙamus, a fara tambayar kai abu biyu: yaushe aka yi wannan rubutu, kuma a wane fage aka yi shi?

Ɗauki fasfo ɗinka na Nijeriya ka duba shafin farko, za ka ga ana roƙon a bar mai riƙe da shi ya wuce "without let or hindrance". Kowane ɗan firamare ya san "let" a matsayin ƙyale, amma a nan tana nufin tarewa ko hanawa, wato kishiyar abin da aka koya mana a aji. Haka nan ɗan kasuwar da zai kama hayar shago a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi yana iya ganin "demised premises" a takardar yarjejeniya, gabansa ya faɗi, domin ya saba jin "demise" a sanarwar rasuwa. A bakin lauyoyi kuwa wurin da aka bayar haya kawai ake nufi. Ɗalibin adabi mai shirin jarrabawar WAEC shi ma yana kan wannan siraɗi idan ya zo kan wasannin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, domin a Turancin wancan zamani "wherefore" tana nufin don me, ba ina ba, "want" kuma sau da yawa rashi ce, ba so ba.

Idan an gane zamanin rubutun, sai a zaɓi ƙamusun da ya dace da shi. Ƙamusun ɗalibai irin wanda ake sayarwa a shagunan littattafai yana fara kawo ma'anar da aka fi amfani da ita a yau, tsohuwar kuwa ko dai tana can ƙarshe ko an yar da ita gaba ɗaya. Don haka kada a tsaya a ma'ana ta ɗaya, a karanta bayanin kalmar har ƙasa, ana lura da 'yan alamomin da ke gefenta. "Archaic" na nuna kalmar ta tsufa amma ana iya cin karo da ita a waƙa ko addu'a ko shari'a, "obsolete" na nuna ta mutu, "dated" kuma ita ce wadda dattawa ke faɗa har yanzu amma matasa sun bar ta. Wanda ke son bin kalma tun daga asalinta, babban ƙamusun Oxford English Dictionary ne gatansa. An kammala bugunsa na farko a 1928, na biyu ya fito a 1989 cikin kundi 20, kuma yana jera ma'anoni bisa tarihi, kowace da misalan jimloli da shekarar da aka rubuta su. A can ne za ka ga "nice" ta fara da ma'anar wawa, "meat" kuma a dā kowane irin abinci ce. Na intanet ɗinsa sai an biya kuɗi, don haka yana da kyau a tambayi ma'aikatan laburaren jami'a ko suna da shi. Idan babu, Merriam-Webster da Wiktionary kyauta ne a waya, kuma suna biyan bukata gwargwado.

Wani lokaci kalmar ba za ta fito ba sam, saboda ba a neme ta da siffar da ƙamus ya ajiye ta ba. A cire ɗafa-ƙeyar "eth" ko "est" daga aikatau, sai "speaketh" ta koma "speak". "Hath" da "doth" kuma su ne "has" da "does". "Thou" da "thee" na mutum ɗaya ne, kamar kai ko ke, yayin da "ye" da "you" suka kasance na jam'i da na girmamawa, kwatankwacin yadda Bahaushe ke ce wa dattijo ku. A littattafan da aka buga kafin wajen 1800 akwai doguwar "s" mai kama da "f", wadda ta sa mutane da yawa neman kalmomin da babu su a duniya.

Masu bincike kan tarihin Lardin Bauchi, wanda Gombe ta kasance cikinsa a dā, tun kafin ta zama jiha a 1996, suna da tasu matsalar ta daban idan suka shiga takardun zamanin Turawa da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. "Resident" a cikinsu ba mazaunin gari ba ne, Razdan ne, shugaban lardi, "Native Authority" kuma ita ce En'e. A nan dattijon da ya yi aikin En'e ya fi ƙamus amfani, idan an dace da samunsa. Ƙamusun Hausa da Turanci na Bargery na 1934 ma yana taimakawa ta wata hanya da ba a cika lura da ita ba: da yake Turancin da ya yi bayani da shi na wancan zamani ne, idan ka san kalmar Hausar, za ka gane abin da Baturen lokacin ke nufi da tasa.

Bayan an samo ma'anar da ake zato, a mayar da ita cikin jimlar a karanta sakin layin gaba ɗaya, a ga ko ta zauna daidai da abin da ke gabanta da bayanta. Idan ta yi karo da sauran maganar, a koma ƙamus a gwada ta gaba. A rubuta kalmar a littafin ajiya tare da cikakkiyar jimlar da shekarar rubutun, domin ma'ana tsirara ba ta daɗewa a kai. Amma idan takardar ta fili ce ko ta haya ko ta bashi, fahimtar da aka samu daga ƙamus ba ta isa a sa hannu ba, sai an kai wa lauya ya karanta.