Yadda Ake Yin Songpyeon, Abincin Bikin Kaka na Koriya

Idan wata na takwas ya kwana 15 a lissafin Koriyawa, sai bikin Chuseok. A Koriya ta Kudu hutun kwana uku ake yi, mutanen Seoul su yi ta tururuwa zuwa garuruwan iyayensu. A jajibirin ranar, iyali kan kewaye faranti ɗaya suna murza songpyeon, wato ɗan curin garin shinkafa da ake cusa wa riɗi a turara, da sabuwar shinkafa.

Da farko ki jiƙa shinkafa ta kwana, ki tsane ta, ki niƙa ta yi laushi, ki tankaɗe. Ki barbaɗa gishiri kaɗan.

Wurin kwaɓi ake yin kuskure. Tafasasshen ruwa za ki zuba, cokali-cokali, ba na sanyi ba. Garin shinkafa ba shi da danƙo irin na fulawa, zafin ne ke haɗa jikinsa. Ki yi ta murzawa har ya daina tsagewa, sannan ki rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Mai son launi ta sa dafaffiyar kabewa a wani kashi ya yi rawaya.

Abin ciki ba wuya: soyayyen riɗi, a ɗan daka, a haɗa da zuma ko sukari. Wasu wake suke sawa, amma a ganina riɗi ya fi.

Ki gutsuri kwaɓin kamar girman goro, ki mulmula, ki lotsa tsakiya da babban yatsa, ki zuba riɗin, ki matse bakin ya zama rabin wata. A nan hira ke daɗi, domin tsofaffi kan ce wadda nata ya yi kyau za ta samu miji nagari ko ta haifi kyakkyawar ɗiya. Sai ki ga ’yan mata suna leƙen na juna.

Ki shimfiɗa wankakken ganyen bishiyar fayin, mai kama da allura, a madambaci. Daga ita sunan songpyeon ya fito, don "song" fayin ke nan. Ganyen na hana mannewa, ya kuma ba da ƙamshi. Ki jera, ki turara minti 20 zuwa 30, ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki shafa man riɗi.

Da safe a al'adarsu teburin tunawa da kakanni ake fara kai wa, kafin a ci. Ragowar kuma a ci da dare, lokacin da mata ke riƙe hannun juna suna zagayen rawar ganggangsullae a farin wata, rawar da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2009.