Kafin ki shiga ajin horon kasuwanci

Shagon ɗinki gare ni, kuma ga shawarata ga duk wadda za ta je horo irin na EDC, wato cibiyar bunƙasa kasuwanci ta Jami'ar Pan-Atlantic da ke Legas, cibiyar da aka kafa a 2003 domin masu ƙananan sana'o'i. Kada ki je hannu rabbana. Tun saura wata guda, sayi littafi ki riƙa rubuta komai: kuɗin zare, man janareto, sallamar yaran shago, har bashin da kike bin mutane. Ki raba kuɗin shago da na cefane. Wannan ya fi komai wuya, wallahi. A aji ki buɗe littafin gaban malami, ku lissafa farashin ɗinki ɗaya tare. Ni sai da na fara rubutun na gano ban taɓa sa ladan hannuna cikin farashi ba.