Yadda Ake Bin Sawun Iskar Ozon Daga Nahiya Zuwa Nahiya Da Kwamfuta

Ozon da ke ƙasa-ƙasa, inda muke shaƙa, gurɓatacciyar iska ce da galibi ba injuna ke fitar da ita kai tsaye ba. Rana ce ke dafa ta daga iskoki irin su nitrojin oksaid, kabon monoksaid, methan da tururin man fetur. Tana kai kusan mako uku a sama, isasshen lokacin da iska za ta kwashe ta daga gabashin Asiya ta tsallake tekun Pasifik da ita zuwa yammacin Amurka, musamman a watannin Maris zuwa Mayu.

Da farko ka zaɓi manhaja. GEOS-Chem, wadda aka fara a Jami'ar Harvard, kyauta ce. Ka ɗora mata bayanan yanayi na MERRA-2 daga NASA.

Sai bayanan hayaƙi, kuma nan ne aikin yake. Akwai tushen bayanai daban-daban: EDGAR na ba da na masana'antu da motoci, GFED na gobarar daji, MEGAN kuma na tururin da itatuwa ke fitarwa. Kada ka manta da walƙiya, domin nitrojin oksaid ɗin da take haifarwa a can sama ya fi na ƙasa daɗewa. Ka kuma tabbatar manhajar na lissafin PAN: wannan sinadari kan ɓoye nitrojin oksaid a cikin sanyin sama, ya yi tafiya mai nisa, sai iska ta sauko ta ɗumama ya saki nitrojin oksaid ɗin, ozon ta ƙaru a wata ƙasa daban.

Ka bar manhajar ta lissafa yanayin watanni shida zuwa shekara kafin ka fara karanta sakamako.

Daga nan ka gudanar da shi sau biyu: ɗaya yadda duniya take, ɗaya ka rage hayaƙin yankin da kake zargi da kashi 20 cikin 100, kamar yadda HTAP, kwamitin ƙasa da ƙasa mai nazarin tafiyar gurɓatacciyar iska tsakanin nahiyoyi, ya yi. Bambancin shi ne tasirin wannan kashi 20 na hayaƙin yankin. Ban yarda da share hayaƙin baki ɗaya ba, domin yawan ozon ba ya raguwa daidai da yadda aka rage hayaƙi. A tsakiyar birni mai cunkoso, rage nitrojin oksaid kan iya ƙara ozon.

A ƙarshe ka gwada sakamakonka da awon gaske: balan-balan masu auna ozon, jiragen fasinja masu ɗauke da na'urorin awo na shirin IAGOS, da na'urar TROPOMI da ke kan tauraron ɗan'adam da aka harba a 2017. Inda suka saɓa, fara duba bayanan hayaƙin.